Rufin Gida Da Kayan Gini A Ƙasarmu Ta Zafi: Jawabin Taron Shekara Na Ƙungiya

 

Ran da sakataren ƙungiya ya kira ni ya ce an ɗora mini jawabin bana, sai na ce masa, "Haba Malam Sakatare, ga farfesoshi, ga likitoci, ga manyan sakatarori a cikinmu, me ya kai ku ga mai yini cikin siminti da ƙura?" Ya ce ai dalilin ke nan. Ya ce rabin 'yan ajinmu sun ajiye aiki, sauran rabin suna ƙirga watanni, kuma duk wanda ka tambaya me zai yi da garatutinsa, sai ya ce zai ƙarasa gida. Wannan magana ta shige ni. Wanda ya yi gini yana ɗan shekara talatin, in ya yi kuskure yana da sauran lokaci da albashin gyarawa. Amma wanda zai yi gini da kuɗin sallama yana ɗan sittin, harsashi ɗaya gare shi, na bindiga da na gini duka. A cikin gidan nan zai yini, a ciki zai yi jinya in ta zo, kuma shi zai bar wa iyali. Saboda haka na karɓa, kuma ina roƙon malamanmu su yi mini afuwa, yau ɗalibi ne a gaban allo.

Bari in fara da abin da 'yan ajinmu duka suka sani. Muna aji biyu, a farkon damina, wani dare bayan an tashi daga karatun dare, hadari ya haɗo daga gabas. Kafin ɗigon ruwa ya sauka, iska ta ɗauke rufin sabon ɗakin kwananmu ɗungurungum, ta kai shi filin ƙwallo ta ajiye. Muna kwance sai ga sama a buɗe. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo sai akwatunanmu da garin kwaki da suka sha ruwa. Tsohon ɗakin kwanan da ke kusa, wanda muke rainawa saboda tsufansa, ko ƙusa ɗaya bai rasa ba. Washegari malaminmu na aikin katako, Allah ya jiƙansa, ya kai mu wurin rufin ya ce mu duba. Kwano lafiya lau, katako lafiya lau, ƙusoshi na nan daram. Sannan ya kai mu kan bangon ya ce, "To ku nuna mini abin da ya riƙe wannan rufi da wannan bango." Babu. An ɗora shi ne kawai kamar yadda ake ɗora faifai a kan ƙwarya. A ranar na fara sha'awar wannan sana'a.

Na biyu kuma laifina ne, ba na kowa ba. A 1994 na gina gidana na farko. Ina ji da takardar shaida, na zuba dakin na kankare a sama, ba kwano, ba inuwa, na ce na huta da yoyo da iska. Na keɓe wa mahaifiyata ɗaki mafi kyau, mai kallon yamma, da babbar taga ta gilashi. Ta kwana uku a cikinsa a watan Afrilu. Ran na huɗu da safe na shiga gaishe ta, na tarar ta ƙulle kayanta. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau ɗan nan, Allah ya sa albarka, gida ya yi kyau. Amma ka mai da ni sorona. Wannan ɗaki naka gasa gurasa ya kamata a yi a ciki." Da dare na hau kujera na taɓa dakin ɗin da tafin hannu, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, yana da ɗumi kamar murhun da aka sauke tukunya. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta kayar da ni jarrabawa.

To, jama'a, mu dubi ƙasar da muke zaune a cikinta, domin daga nan zaɓen kaya yake farawa. In an ce ƙasar zafi, iri biyu ce. Akwai zafi mai laima irin na Legas da Fatakwal, inda dare da rana kusan ɗaya ne, gumi ba ya bushewa. Can abin da ake nema shi ne gida marar nauyi wanda iska za ta ratsa shi ta wuce. Akwai kuma namu. A Kano ruwan shekara yakan kama wajen milimita 800 zuwa 900, wata shekara ya ɗara, wata ya gaza, kuma kusan dukkansa cikin wata huɗu yake sauka, Yuni zuwa Satumba, Agusta ne uban tafiya. Sakkwato ba ta kai haka ba, Kaduna ta haura 1,000. A watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, a Sakkwato da Maiduguri ya wuce. A Disamba da Janairu kuwa, da asuba yakan sauko wajen digiri 13, ga hazo ga ƙura. Kuma zafin ba raguwa yake yi ba: a farkon Afrilun 2024, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5. Saboda haka gidanmu abokan gaba huɗu gare shi: rana, iskar farkon damina, ruwan marka, da gara. Zanen gidan da ka gani a hoton wata ƙasa ka ce a yi maka irinsa, mai yiwuwa an yi shi ne don yaƙi da dusar ƙanƙara.

Kakanninmu sun san waɗannan abokan gaba, kuma sun amsa musu da abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu. Tubali na jar ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa, bango mai kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama. Azara daga giginya, wadda gara ba ta iya mata. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa shida, shi ya sa magina suka ƙware wajen bakan gizo da ɗaurin guga, har aka sami ɗakuna masu faɗi irin na Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. A kan azara a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a shafe da laso ko makuba, a sa indararo ya jefa ruwa nesa da bango. Sirrin sanyin soro ba tsafi ba ne, malaminmu na kimiyya yana nan zaune, zai gyara mini in na kauce. Bangon ƙasa mai kaurin ƙafa ɗaya, zafin rana yakan ɗauki awa takwas zuwa goma kafin ya ratsa shi. Zafin azahar ba ya isa cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da waje ya huce, an buɗe ƙofa, ko ma an fita tsakar gida da tabarma. Da sanyi kuma wannan ɗumin shi ake nema. Wanda yake shakka ya shiga Gidan Ɗan Hausa ko Gidan Makama a Kano da tsakar ranar Afrilu. Gani ya kori ji.

Amma kada a ce na zo in yi wa soro kirari kawai. Soro yana son yaɓe kusan kowace shekara. In aka yi sakaci indararo ya toshe, ko rufi ya tsage, ruwan marka ya jiƙa shi kwana uku, nauyinsa yakan ƙaru, kuma mun sha zuwa ta'aziyyar waɗanda gini ya faɗo musu cikin dare a watan Agusta. Giginya ma ta yi ƙaranci, gwanayen magina sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo. Mutanenmu ba wauta ce ta sa suka rungumi kwano ba, gajiya ce da yaɓe da fargabar damina. Sai kuma kuɗin fetur suka zo. Muna yara aka biya kuɗin Udoji a 1975, shekarar da jiragen ruwa ɗauke da siminti suka cunkushe tashar Legas wata da watanni. Daga nan siminti da kwano suka zama alamar arziki, ginin ƙasa ya zama alamar talauci. Kuskurenmu shi ne da muka bar soro, sai muka bar hikimar da ke cikinsa tare da shi.

Yanzu mu zo kan rufi, kuma a nan zan daɗe, domin a gida mai hawa ɗaya yawancin zafin da ke shigowa ta sama yake shigowa. A inda Kano take, rana tana bi ta tsakar ka sosai sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, kuma ko a sauran watanni ba ta yin nisa. Rufi shi ke shan dukan.

Abu na farko, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne launi. Kwano mai duhu, baƙi ko ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu, yakan kai digiri 70 ko fiye da tsakar rana. Fari ko mai haske, a rana ɗaya, wuri ɗaya, yakan gaza shi da digiri 20 ko fiye. Kuɗinsu ɗaya a kasuwa. Amma ku zaga sababbin unguwanni ku gani, rufi baƙi ƙirin ake yayi. Mutum ba zai sa baƙar riga ya tsaya a rana a watan Afrilu ba, amma ya sa wa gidansa, sannan ya sayi na'urar sanyaya ɗaki da janareta su yi faɗa da abin da ya jawo da hannunsa. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kowa a nan ya san abin da kwana ɗaya na janareta yake ci, balle ga mai jiran fansho.

Na biyu, irin kwanon. Kwanon ƙarfe da muka saba da shi, bandir guda falle 20, a nan Arewa yana daɗewa fiye da bakin teku saboda iskarmu ba gishiri, amma na yanzu an sirantar da shi har wani kana iya naɗe shi da hannu kamar tabarma. Alminiyam ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma ana yanka shi dogo daga tsororuwa zuwa baki ba gaɓa, wato an rage wuraren yoyo. Kaurinsa ake saye: akwai milimita 0.45, akwai 0.55, akwai 0.7. Don gidan zama ni 0.55 nake ba da shawara, in aljihu ya ƙi, kada a sauka ƙasa da 0.45. Sai dai a nan ake yanka mutane. A rubuta maka 0.55 a rasit, a kawo maka abin da bai kai 0.45 ba, ido ba ya rabewa. Akwai ɗan ma'aunin kauri da ke shiga aljihu. Ka sa a auna a gabanka ranar da aka sauke kaya, ba ranar da aka nuna maka samfur ba. Araha ba ta ado.

Akwai kuma wanda ake yayi yanzu, kwanon ƙarfe da aka manna wa tsakuwa a baya, wanda 'yan kasuwa ke kira Gerard ko da wane kamfani ne ya yi shi. Na gaskiyarsa yana da ƙarko, kuma ba ya ƙara in ana ruwa. Amma yawancinsa launi mai duhu ne, yana cin katako da yawa, kuma jabunsa ya cika kasuwa. Damina biyu sai ka ga tsakuwar ta taru a bakin magudana. In ka ga kana so, ka nemi mai haske, ka goga bayansa da hannu da ƙarfi ka ga abin da zai zubo.

Asbestos kuwa, wanda aka rufa azuzuwanmu da silin ɗinsa, a bar shi. Yana da sanyi, ba musu, amma ƙurarsa in ta shiga huhu tana haddasa ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Ingila ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005. Wanda yake da shi a tsohon gida, in bai fashe ba, haɗarinsa kaɗan ne matuƙar ba a taɓa shi ba. Ranar cirewa ce ranar haɗari: a jiƙa shi da ruwa, a cire shi falle-falle ba fasawa, ba zarto, ma'aikata su rufe hanci da abin kirki, kuma kada a bar yara su yi wasa da gutsattsarinsa.

Dakin na kankare, kun ji abin da ya yi mini. Ba na hana shi, musamman ga mai niyyar ɗora bene. Amma kankare mai kaurin inci shida yakan sha rana yini guda, ya fara amayar da zafin cikin ɗaki daga la'asar har tsakar dare, daidai lokacin da kake neman barci. In ka zuba shi, ka yi masa inuwa: ka ɗora masa rufin kwano mai sauƙi a sama da tazarar da iska za ta wuce, ko aƙalla ka shafe shi da farin fenti kana sabuntawa. Ka kuma karkata shi ruwa ya gudu, don kankare ba ya son kwantaccen ruwa. Abin da na yi wa nawa ke nan daga baya, har Inna ta yarda tana kwana biyu in ta zo.

Wannan dabara ta rufi biyu da iska a tsakani ita ce zuciyar maganata. Wani masanin zanen gini ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001. Bangon na bulon ƙasa ne, silin ma na ƙasa, sannan ya ɗaga kwano sama a kan ƙarafa, ya zarce bango ta kowane gefe. Kwano ya tare rana da ruwa, iska ta bi ta ƙarƙashinsa ta kwashe zafi, ƙasa ta riƙe sanyi. Wato ya aurar da soro da kwano, kowa ya rufa wa ɗan uwansa asiri. A 2022 aka ba shi lambar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a wannan fanni, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Yanayin Gando kuwa ɗan uwan namu ne.

Ko ba ka yi irin nasa ba, kana iya ɗaukar rabin dabarar. Tsakanin kwanonka da silinka akwai ɗaki guda da ba ka shiga, kuma shi ne tanderun gidan. Ka ba shi hanci: ƙofofin iska a ƙarƙashin bakin rufi inda sanyi zai shiga, da wasu a sama inda zafi zai fita. Kowace ka sa mata raga mai ƙarfi, in ba haka ba ka yi wa jemage da ɓera da sauro masauki. Akwai takardar alminiyam mai ƙyalli da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kwano. Tana aiki sosai in an bar mata sarari a ƙasanta, kuma kuɗinta bai kai na fitilar ado ɗaya ta falo ba. Tsayin ɗaki daga daɓe zuwa silin kada ya gaza ƙafa goma. Layin bulo biyu da za ka ƙara, shi ne bambancin fanka mai ba da iska da fanka mai juya maka wuta a ka. Game da silin, POP ba ya cin wuta. Silin roba kuwa yana da araha da saurin sawa, amma in gobara ta tashi narkewa yake yana ɗiga, ga hayaƙi mai guba, kuma wayoyin lantarkinmu a bayansa suke bi.

Sai ɗauri, darasin malaminmu. Mutane suna zaton iska tura rufi take yi. A'a, tsotsarsa take yi sama, musamman a baki-baki da kusurwa, kuma in ƙofa ko taga ta buɗe ta gefen da take bugowa, sai ta cika ɗakin ta tura daga ciki. Duwatsu da tsofaffin tayoyin da kuke gani a kan rufi a ƙauyuka, shaida ce ta wannan. Maganin ba tsada. A zuba linta ta zagaye gidan gaba ɗaya, ba a kan ƙofa da taga kaɗai ba. Tun kankaren yana ɗanye a dasa rodi siriri a cikinsa, tsakanin kowane biyu kamar ƙafa uku zuwa huɗu, a bar kansa a waje, a naɗe katakon kan bango da shi. Daga nan kowane katako a ɗaure shi da na ƙasansa. Ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, da 'yar robarta, kuma a ninka yawanta a baki da kusurwa. Katakon ya zama busasshe, a jiƙa shi da maganin gara na gaskiya kafin a hau da shi. Baƙin man mota da kafintoci ke shafawa baƙi kawai yake sa shi. Ranar da ake wannan aiki, ranka ya daɗe, ka ajiye babbar riga ka je ka tsaya da kanka, domin da zarar an buga silin ba mai sake ganinsa sai iska.

Siffar rufi ma magana ce. Mai gangara huɗu ya fi mai gangara biyu jure iska. Gangara matsakaiciya, wajen digiri 25 zuwa 30, ta ishe mu. Dogayen rufin nan masu tsini da suka fi ginin kansa tsayi, katako da kwano kawai suke ci. A ɗaya gefen kuma ga ɓoyayyen rufi, wanda ake zagaye shi da bango don gida ya yi kama da akwati. Yana da kyau a hoto. Amma duk ruwan rufin a magudana ɗaya ta kankare yake taruwa a bayan bango, ƙurar hunturu da ganye da leda su toshe ta, ruwan farko ya rasa hanya sai cikin falo. Ga shi kuma ya bar bango tsirara a rana. Ni dai na fi son rufi ya zarce bango da ƙafa biyu zuwa uku, ya yi masa inuwa, ya kare shi daga feshin ruwa. Inda kake son ya fi haka, ka sa ginshiƙai ya zama baranda, irin ta tsofaffin azuzuwanmu.

Bango kuma, yawancinmu bulon siminti za mu saya, to mu san abin da muke saye. Buhun siminti kilo 50 ne. A aikina, bulo mai inci tara na kirki ba ya wuce 25 zuwa 30 a buhu. Na sha ganin inda ake fitar da 45 har 50, a shanya a rana, washegari a loda a mota. Siminti ba bushewa yake so ba, ruwa yake sha ya yi ƙarfi. Bulo yana bukatar ban ruwa safe da yamma aƙalla kwana bakwai, kankare kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Da hunturu, da iska ke busar da komai, abin ya fi tsanani. Ka kankare gefen bulo da ƙusa ko makulli; in yana zubowa kamar gari, ka bar musu kayansu. In da hali ka sayi simintinka, ka kira mai bugawa ya buga a filinka. Yashi ma ka gwada shi: ka zuba a kwalba da ruwa, ka girgiza, ka ajiye, in laka mai kauri ta kwanta a samansa, ba na gini ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wanda bai riga ya fara ba, ina roƙonsa ya dubi bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, ana ɗan zuba masa siminti kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. Ba tubalin da ba ne, ba ya son yaɓen shekara, kuma ya fi bulo mai rami riƙe sanyi. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi nisa a nan: a Dandaji, cikin jihar Tawa, an kammala sabon masallaci da irin wannan bulo a 2018, aka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu. Sharaɗinsa biyu ne, a ɗaga gindinsa a kan harsashin dutse ko kankare yadda ruwa ba zai taɓa shi ba, kuma rufi ya zarce shi sosai. Masu tsohon gidan gado na ƙasa kuwa, ku yi hattara da lulluɓe shi da filastar siminti kai tsaye. Ƙasa da siminti ba sa kama juna. Laima takan shiga tsakani ta ɓuya, waje sumul, ciki yana narkewa.

Sauran abubuwan zan bi su da sauri, don na ga mai kula da lokaci yana duba agogo kamar yadda yake yi mana a zamanin da yake firfet. In fili ya ba da dama, dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, gajeru su kalli gabas da yamma. Ɗakin kwana kada ya zauna a yamma. A ba yamma sito da banɗaki da matakala. Gabas ta nan hadari ke bugowa, a rage mata manyan tagogi. Kowane ɗaki ya sami taga a bango biyu don iska ta shiga ta fita. Tagar alminiyam mai zugewa rabinta kaɗai ke buɗuwa komai girmanta. Luba da mai buɗewa kamar ƙofa sun fi ta ba da iska. A ɗaga daɓen gida sama da titi aƙalla ƙafa biyu, domin titi hawa yake yi duk lokacin da aka gyara shi, a kuma shimfiɗa leda kafin a zuba kankaren daɓe don laima. Fili a kan hanyar ruwa kuwa, ko kyauta aka ba ka ka gode ka wuce. Waɗanda suka ga ɓallewar madatsar Bagauda a 1988, ko ta Alau a Maiduguri a 1994 da 2024, ba sa bukatar bayani. Kuma kada a malale tsakar gida duka da siminti, shi ma rana yake sha ya dawo da ita da dare. A bar wa ƙasa wuri, a dasa darbejiya ko mangwaro ta yamma, nesa da bango kamar taku bakwai saboda saiwa.

Wani lissafi ɗaya, don malaminmu na lissafi ya san wahalarsa ba ta tafi a banza ba. Ruwa milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. Rufi mai murabba'in mita 150, a shekarar da aka sami milimita 800, ya tara lita 120,000, wato jarka 4,800 mai lita 25. Duk wannan muna barinsa ya bi kwata, da rani mu bi 'yan garuwa. Magudana a bakin rufi da tanki, a bar ruwan farko ya wanke ƙura ya zube, sauran a tara. Mai niyyar sa sola kuma ya faɗa wa kafinta tun farko, a ƙarfafa katakon gefen da ke kallon kudu.

Na san kuɗi ba za su isa komai ba, ba su taɓa isa ba. In sun gaza, tayil zai jira, fentin waje zai jira, ƙatuwar ƙofar gida mai zane za ta jira, kana ciki kana yi a hankali. Harsashi, linta, ɗauri, kaurin kwano da tsayin ɗaki su ne ba a komawa a gyara sai an rushe. Kuma kafin a zana gida, a zauna da uwargida. Ita ta san inda rana ke faɗawa a kicin da ƙarfe huɗu, kai kana majalisa.

Shugaban taro, ina da roƙo ɗaya ga kwamitin ayyuka. Na ji an tara kuɗi don sake rufin ɗakunan kwana biyu na wannan makaranta, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne namu da iska ta ɗauke. Ɗazu da safe na sa tsani na leƙa. Har yau babu abin da ya riƙe shi da bango. Kafin a sayi falle ɗaya, a ba ni dama in zo da ma'aikatana mu zuba linta mu dasa rodi, aikin hannu da awo a kaina, ƙungiya ta sayi kaya. Sannan tun ƙarfe tara na ajiye guntayen kwano uku a rana, a kan benci a gaban ɗakin taro, baƙi da ja da fari, ga ma'aunin kauri a gefe. In an fito salla kowa ya taɓa da hannunsa, amma baƙin a taɓa shi da bayan yatsa, kada likitocinmu su sami aiki ranar hutu.

Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan uwanmu da suka riga mu, ya ƙara wa iyayenmu da ke nan lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.